Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Fentin Bamba Ya Ɗaye Bayan Mota Ta Fito Daga Gareji?

TAMBAYA

Ina da mota ƙirar Corolla 'yar 2010, ruwan toka. Kwanakin baya wani mai a-daidaita-sahu ya buge ni ta gaba, bamba ta dare gida biyu. Na sayi sabuwa, baƙa wadda ba a taɓa yi wa fenti ba, na kai wa mai fenti. Tun da an riga an shiga aiki, sai na ce ya haɗa da ta baya, don tana da tsohuwar tsaga a kusurwa. Ranar da na karɓi motar, aiki ya yi kyau ba laifi. Amma ba a yi wata biyu ba, na kai ta wanki, sai ga fentin bambar gaba yana ɗayewa falle-falle, baƙar roba ta fito fili. Ta baya kuma ta yi tsage-tsage sirara daidai inda aka gyara. Da na koma, mai fentin ya ce laifin rana ne da injin masu wankin mota, in kawo ya ɗan feshe wurin. Shin laifin wa ke nan? In bari ya feshe ɗin? Kuma yaya zan yi kada a maimaita?

Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA

Malam, Allah ya tsare gaba, ya mayar da alheri.

Ga amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Rana da injin wanki ba su ne suka ɗaye maka fenti ba, asirin aikin kawai suka tona. Ai ranar da ta gasa bambar ita ce ta gasa bonet da ƙofofi, ruwan da ya buge ta shi ya buge su, ga shi nasu fentin na nan daram. Fentin da ya kama roba da gaske ba ya tashi falle-falle cikin wata biyu. Kuma kada ka yarda a feshe wurin da ya ɓare kawai, domin sauran da kake gani lafiya lau zaune yake a kan robar, bai kama ta ba, lokaci yake jira.

Bamba roba ce, kuma roba mai taurin kai

Waɗanda suka san Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 za su tuna bambarta: ƙarfe ne zalla mai ƙyalli, babu ruwansa da fenti. In ta lotse, fanal-bita ya buga ta miƙe. A Turai kuwa tun 1972 ƙaramar motar nan Renault 5 ta fito da bambar roba, kuma zuwa shekarun 1990 da wuya ka sami ƙaramar mota sabuwa mai bambar ƙarfe. Abin da muke kira bamba a yau murfi ne kawai. Ainihin ƙarfen da ke tare duka yana ɓoye a bayanta, da soso mai tauri a tsakaninsu. Matsalar ita ce motoci sun sauya, amma da yawa daga masu fentinmu a kan ƙarfe suka koyi aiki, a hannun iyayen gidan da su ma a kan ƙarfe suka koya.

In tsohuwar bambarka na nan, juya ta ka duba cikinta. Za ka ga haruffa da aka buga a jiki, kamar >PP< ko >PP+EPDM< ko TPO. PP na nufin folifirofilin, robar da ake yin kujerun biki da ita. EPDM danƙo ne da ake gauraya mata don ta lanƙwasa ba tare da ta karye ba. In ka ga an ƙara T20 ko makamancinsa, hodar wani dutse mai laushi ce aka zuba, kashi 20 cikin 100, don ta ƙara tsayuwa. Akwai bambobin da ke ɗauke da ABS ko PUR, kuma waɗannan sun fi sauƙin karɓar fenti, amma galibin na motocin Japan da Koriya da ke kan titunanmu dangin PP ne.

Wannan roba tana da halaye uku da ke wahalar da mai fenti.

Na farko, ba ta son komai ya manne mata. Duk wanda ya taɓa gwada liƙe karyayyiyar kujerar roba da gam ya san yadda ake ƙarewa: gam ɗin ya bushe, ya ɓalle, kujera na nan sumul. Masana suna da ma'aunin da suke gwada yadda fuskar abu ke barin ruwa ya baje a kanta. A wannan ma'auni folifirofilin tana kusan 30, alhali fenti na buƙatar 38 ko sama kafin ya baje ya riƙe. Ƙarfe mai tsabta kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Na biyu, sabuwar bamba tana zuwa da maiƙo da ido ba ya gani. A masana'anta narkakkiyar roba ake turawa cikin mazubi, kuma don ta fito ba tare da ta maƙale ba, ana amfani da wani mai da aka yi shi musamman don hana mannewa. Wani a jikin mazubin ake fesa shi, wani kuma a cikin robar ake gauraya shi, ya riƙa tsattsafowa sannu a hankali idan ta ji zafi. Ka ga ke nan bambar da aka feshe ba tare da an raba ta da wannan mai ba, an ɗora fenti ne a kan abin da aikinsa shi ne hana fenti kamawa.

Na uku, roba ba ta zama wuri ɗaya. Da zafi tana buɗewa, da sanyi tana tsukewa, kuma motsin nata ya ninka na ƙarfe sau biyar ko fiye. Ga lanƙwasa idan an jingina da ita, ga girgizar ramuka. Fentin da zai zauna a kanta dole ya iya bin ta duk inda ta yi.

Shi ya sa a kamfani ba a haɗa bamba da gangar mota wajen fenti. Gangar ƙarfe ana gasa fentinta a zafin da ya kai digiri 140, wanda zai iya lauye roba. Bamba daban ake yi mata, a zafin da bai kai haka ba, bayan an bi fuskarta da harshen wuta na ɗan lokaci ƙanƙani ko an fesa mata sinadarin da ke ƙulla zumunci tsakaninta da fenti. Wannan rabuwar ce ma ta sa ko a sabuwar mota fil, in ka ƙura ido, za ka ga launin bamba ya ɗan saɓa da na fenda.

Ɓawon fentin zai faɗa maka inda aka yi kuskure

Fentin bamba hawa-hawa ne. A ƙasa akwai firaimar roba, wadda a jikin gwangwaninta za ka ga an rubuta Plastic Primer ko Adhesion Promoter. Siririya ce ƙwarai, galibi ba ta da launi, kuma ita kaɗai ce ke iya riƙe folifirofilin. A kanta sai firaima ta biyu mai cike ƙananan ramuka, sai launi, sai rufin sheƙi da masu fenti ke kira kiliya. Duka hawan nan in an haɗa su, kaurinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Ɗayewa kuwa kullum tsakanin hawa biyu take faruwa, saboda haka in ka ɗauki ɓawon da ya faɗo ka dubi bayansa, ka kuma dubi abin da ya rage a jikin bamba, ka gano inda aka yi sakaci.

Idan baƙar roba ce tsirara ta rage, santsi sumul, ɓawon kuma ya taho da komai har firaima, to tun daga tushe ba a kama ba. Ko dai ba a sa firaimar roba ba, ko an sa ta a kan maiƙon mazubi, ko ba a goge fuskar ta yi kaushi ba. Wannan ita ce matsalar bambarka ta gaba, bisa yadda ka kwatanta.

Idan tsohon fenti ne mai sheƙi ya bayyana a ƙasa, ba a bi shi da sanfefa ba kafin a ɗora sabo. Wannan ya fi faruwa a gefe-gefe da lunguna: bakin fitila, kewayen raga, ramin fitilar hazo, inda hannu ba ya shiga in ba a kwance bambar daga jikin mota ba. Mai fentin da ya liƙa jarida da salatif ya feshe bamba tana ɗaure, ya bar wa fentin baki a buɗe, kuma daga wannan bakin ruwa ke shiga.

Idan firaima na nan amma launi ya tashi, ko an bar firaimar ta kwana biyu ta sha ƙura ba a sake goge ta ba, ko an goge ta da sanfefa mai laushi fiye da kima har ta yi santsin da launi ba zai riƙe ba.

Idan launi na nan amma kiliya ce ta yi fari tana saɓulewa, dalilan sukan zama uku: an jinkirta fesa kiliyar har launin ya ƙame, an yi rowar hadina, wato sinadarin da ke busar da ita, ko kuma an tsinka ta da tina don gwangwani ɗaya ya isa mota biyu. Kamfanonin fenti sukan ƙayyade lokacin da za a ɗora kiliya a kan launi, kuma da wuya ya wuce kwana ɗaya. Kiliya ce ke tare zafin hasken rana, in ta yi siranta, rana takan cinye ta. A nan kaɗai mai fenti ke da ɗan abin kamawa in ya ce rana ce, amma ko nan ma a shekara ake lissafi, ba a wata biyu ba.

Idan bororo ne ƙanana suka taso, danshi ne aka rufe a ciki. Sau da yawa daga kwamfuresa yake fitowa: iskar da aka matse tana tara ruwa a tanki, in ba a zubar da shi kullum ba kuma babu mataci a bakin tiyo, ruwan ya biyo fenti. Wani lokaci kuma an goge da sanfefar ruwa ne ba a bari ya bushe sosai ba. Ƙananan huji masu yawa kuwa alama ce ta an labta fenti da kauri cikin zafi, sama ta bushe, tinar da ke ƙasa ta fasa ta fito.

Idan fentin ya yamutse ya tattare, sabon ne ya narkar da tsohon da ke ƙarƙashinsa. Hakan na faruwa in an taɓa yi wa bambar fenti mai araha wanda ba a haɗa shi da hadina, sannan aka ɗora mai ƙarfi a kai.

Idan kuma tsage-tsage ne sirara a wuri ɗaya, kamar na bambarka ta baya, to abin da ke ƙasa ya fi robar tauri. Yawancin masu gyara suna ɗinke tsagar da waya ko su narka bakinta da ƙarfe mai zafi, sannan su cike da fila irin ta ƙarfe. Filar nan in ta bushe ba ta lanƙwasa, kuma ba ta kama folifirofilin da kyau. Roba na motsi, fila na tsaye, dole fentin da ke kansu ya tsage. In kuma ba a zuba wa firaima da kiliya sinadarin da ke sa su laushi ba, ƙaramin gogayya a wurin ajiye mota ya isa ya tsattsaga su.

Akwai wata ɗayewa da bai kamata a haɗa ta da wannan ba, tun da motocin da aka shigo da su daga Amurka sun cika mana tituna. Wasu motocin Toyota farare, masu lambar fenti 040 da 070, waɗanda aka ƙera daga 2008 zuwa shekarun da suka biyo, fentinsu yakan tashi a rufi da bonet, har kamfanin ya ɗauki nauyin gyara wa masu su a Amurka. Wannan a kan ƙarfe yake, kuma daga masana'anta ya taho. Mai irin wannan mota kada ya ɗora wa mai fentin unguwa laifin da ba nasa ba.

In kana son hujjar da ba ta buƙatar gardama, ga gwajin da masana'antun fenti da kansu ke yi. A gaban mai fentin, ka zaɓi wuri a ƙasan bambar inda fenti ke nan lafiya. Ka ja layi 6 a tsaye da sabuwar reza, 6 a kwance, tazarar milimita 2 tsakaninsu, ka tabbatar rezar ta kai ga roba. Ka liƙa salatif mai ƙarfi a kai, ka danna sosai, ka fizge. Fentin da ya kama ba zai biyo ba sai ɗan ɓurɓushi a bakin layi. In murabba'an suka taho a jikin salatif, magana ta ƙare, domin wurin nan rana ba ta kai masa, injin wanki ma bai ɗaye shi ba.

A yi wa mai fenti adalci

Ba duka laifin ke kansa ba. Yanayinmu ba ya taimakon wannan sana'a. Da hunturu iska na bushewa, roba kuma in an goge ta da busasshen tsumma sai ta riƙa jan ƙura da kanta. Da bazara, zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, fenti ya bushe a iska tun kafin ya sauka a jikin bamba, ya zauna garas-garas bai narke ya kama ba, sai fa in an yi amfani da tina mai jinkirin bushewa. Da damina ga danshi. Yawancin garejinmu kuma a fili suke, gefen mai fenti akwai bakanike da baƙin mai, gaba kaɗan yaro na fesa man ƙyalli a taya. Man nan na taya da na goge dashbod suna ɗauke da silikon, wanda ɗigonsa kaɗan a iska ya isa ya sa fenti ya yi ido-ido.

Sannan akwai namu rabon, mu masu motoci. Mu ne ke tsayawa a kan mai fenti mu ce gobe Juma'a akwai ɗaurin aure, dole mota ta fito yau. Mu ne ke taya aiki rabin kuɗinsa, mu ce ai bamba ce kawai. Shi kuwa ba zai ce maka ba zai iya ba, sai ya rage a inda ba ka gani: firaimar roba, hadina, da awannin wanki da guga. Launi da sheƙi ba zai taɓa su ba, tun da su kake dubawa ranar karɓa. Araha dai ba ta ado. Ita ma bambar da aka saya tana da nata: sababbin da ba na kamfanin motar ba sun bambanta ƙwarai, wasu maiƙonsu ya yi yawa, wasu kuma suna zuwa da wata firaima ta jeka-na-yi-ka wadda ita kanta ba ta kama robar ba.

Amma duk da haka, sanin cewa roba na buƙatar firaimarta aikin mai fenti ne, ba naka ba. In kuɗin da aka ba shi ba zai isa ba, kamata ya yi ya faɗa tun kafin ya ɗauki bindigar feshi.

Gyaran da ya dace

Bambar gaba sai an kwance ta daga mota, an cire raga da fitilu da lamba, an raba ta da fentin nan gaba ɗaya har a koma kan roba. Tun da bai kama ba, yawancinsa zai tashi da iskar kwamfuresa ko ruwa mai ƙarfi, sauran a bi shi da sanfefa a hankali. Kada a yarda a shafa mata maganin cire fenti irin na ƙarfe, yana ɓata roba. Injin guga mai gudu ma narkar da ita yake, ya tayar mata da gashi.

Daga nan sai wanki da ruwan ɗumi da sabulun da ba shi da maiƙo, ciki da waje, domin hannun da ya taɓa cikin ya dawo waje ya kwaso mai. Kamfanonin fenti da dama suna ba da shawarar a ɗumama sabuwar bamba na kimanin awa guda a zafin digiri 60, don man da ke cikinta ya fito, sannan a sake wankewa. Inda babu ɗakin gashi, shanya baƙar bamba a ranar tsaka yana rage hanya. Sai a goge ko'ina da soson guga mai laushi, ruwan toka, har sheƙin robar ya mutu, lungu da saƙo. A watsa ruwa a gani: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran maiƙo, a koma wanki. Bayan ta bushe sarai, a share da ruwan goge roba na musamman, ba fetur ba, ba tina ba. In kuwa bamba ta zo da firaimarta daga kasuwa, a jiƙa tsumma da tina a goga a wani lungu. In firaimar ta biyo tsumma, wanke ta za a yi duka.

Sai firaimar roba, feshi siriri ɗaya ko biyu. Labta ta da yawa ma yana jawo ɗayewa. A ba ta mintunan da aka rubuta a gwangwani, kada a wuce lokacin kuma, domin in ta daɗe ƙarfinta na tafiya. Sai firaima ta biyu da sinadarin laushi a ciki, a goge da sanfefa mai lamba 500 ko 600, sai launi da tazarar minti 10 zuwa 15 tsakanin feshi da feshi, sai kiliya mai hadina, a auna da kofin awo yadda kamfanin ya ce, galibi biyu da ɗaya ko huɗu da ɗaya, ba da ido ba. Ya fi kyau duka kayan su fito daga kamfani ɗaya, don an yi su ne su dace da juna. Kuma kiliya ta rufe bambar daga wannan gefe zuwa wancan, har ta zagaya baki. Wadda aka tsayar a tsakiya aka baje bakinta, daga nan take fara tashi.

Don launi ya dace, lambar fentin motarka na jikin takardar da ke liƙe a dogaran ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Da ita ya kamata a haɗa fenti, a gwada a wani falle a kara da fenda a hasken rana kafin a fesa.

Bambar baya kuwa sai an tone filar nan duka. Tsagar a yi mata walda da sandar roba irin tata, wato PP a kan PP, a ƙarfafa ta ta ciki, sannan a daidaita sama da fila mai laushi ta roba, siririya. In tsagar ta kai wurin da ake ɗaure bambar, ko robar ta tsufa tana ɓarewa, sayen wata ya fi. A nan zan ba ka shawarar da masu sana'ar suka sani: bambar Beljiyam ta asali, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda fentin kamfani ke jikinta lafiya, ta fi sabuwa baƙa sauƙin karɓar fenti, domin an riga an yi mata aikin da ya fi wuya. Guga kawai take buƙata a ɗora sabo. A Ƙofar Ruwa nan Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka duba cikinta da kyau kada a sayar maka da wadda aka ɗinke aka shafe. Masu sababbin motoci kuma su sani cewa akwai na'urorin gane kusanci a jikin bamba da bayanta, kuma fila ko fenti mai kauri a kansu yana rikita su.

Abu ɗaya da ya shafi lafiya: hadina tana ɗauke da sinadarin da ke jawo ciwon asma ga mai shaƙarsa a kai a kai. Ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. In ka ga yaro na feshi haka, ka yi wa maigidansa magana.

Maganar haƙƙinka

Ka koma da lalama, da ɓawon fentin a hannunka, ku yi gwajin salatif tare. Abin da ya dace shi ne ya sake aikin bambar gaba daga tushe ba tare da ya karɓi kuɗin hannu ba. In tun farko kuɗin da ka biya bai ƙunshi firaimar roba da kiliya mai kyau ba, ka sayo su da kanka, ka ga an buɗe su a gabanka. Wannan sulhu ne da ba a zalunci kowa ba. In ya ƙi, kusan kowane rukunin gareji yana da shugabanni, da yawa kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, kuma sukan sasanta irin wannan. Bayan su akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano da ta tarayya, FCCPC. Dokar 2018 da ta kafa ta tarayyar ta bai wa wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ka ɗauki hotuna tun yanzu, ka adana shaidar biya.

Nan gaba, kafin ka ajiye mukulli a hannun kowane mai fenti, ka yi masa tambaya huɗu. Zai kwance bambar? Wace firaima zai sa wa robar, ina gwangwanin? Kiliyarsa mai hadina ce? In fenti ya ɗaye cikin wata shida, wa zai biya? Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ku rubuta abin da kuka amince a kai ko da a saƙon waya ne, kuma ka ba shi kwana biyu ko uku, don sauri kan haifi nawa.

Bayan ka karɓa, fentin ya bushe a taɓawa amma bai gama ƙamewa ba sai bayan makonni. A makon farko ka bar shi ba wanki in zai yiwu. A watan farko a wanke da hannu, da ruwa mai yawa da soso mai laushi, ba a sa man ƙyalli ba, ba a lulluɓe da tamfol mai riƙe zafi ba. Daga baya in za a yi amfani da injin feshi, mai wankin ya ja baya kamar kamu biyu, kada ya saita bakin ruwan a gefen bamba ko inda tsakuwa ta ɓantare. Kashin tsuntsu da fetur da man birki a share su nan take, musamman man birki, wanda ke cin fenti ko na kamfani ne.

Waɗannan duka kiyayewa ne ga aikin da aka yi daidai. Ba za su ceci wanda aka ɗora a kan maiƙo ba, don haka bambar gaban nan a kwance ta a sake daga tushe. Allah ya sa a dace.